Koyar da yara lissafi ta hanyar labari: yadda ake yi, da inda ake kuskure

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida tamu mai farin jini mu tofa albarkacin bakinmu kan wata shawara da ake yawan bai wa malaman firamare, wato su riƙa koyar da lissafi ta hanyar ba da labari domin yara su daina gudun darasin. Shawarar mai kyau ce, muna kuma goyon bayanta. Damuwarmu ita ce sau da yawa ana tsayawa a nan, ba a faɗa wa malami wane irin labari ba, ko minti nawa zai ɗauka, ko abin da zai biyo bayansa. Sai malami ya shiga aji ya zuba tatsuniya ta minti ashirin, yara su sha dariya, sannan ya juya ga allo ya rubuta 42 − 17, su kuma su ba shi 35 kamar yadda suka ba shi jiya. An gudu ba a tsira ba.

Abin da muke son malamai da iyaye su riƙe shi ne, labarin da ke koyar da lissafi shi ne wanda matsalar da ke cikinsa ba ta warwaruwa sai da lissafin. Idan za a iya cire lambobin labarin ya ci gaba da tafiya lafiya lau, to lambobin ado ne kawai, kuma yaro zai tafi gida da labarin ya bar su a aji.

Hanyar tsohuwa ce ƙwarai. Takardar lissafin da wani marubucin Masar mai suna Ahmes ya kwafa kimanin shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) tana ɗauke da matsalar gidaje 7, kowane da kyanwa 7, kowace kyanwa da ɓera 7, haka har hawa biyar. Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza a wajejen shekarar 820, ya cika babban ɓangare na littafin da matsalolin wasiyya da rabon gado, wato labaran mutane da dukiyarsu. Binciken zamani ma ya nuna dalili. A 1985 wasu masana uku suka wallafa abin da suka gani a birnin Recife na ƙasar Brazil, inda suka gwada yara biyar masu talla a titi, 'yan shekara 9 zuwa 15. A bakin ciniki yaran sun ci kusan kashi 98 cikin 100 na tambayoyin. Da aka ba su irin lissafin a takarda cikin sigar labari, suka ci kusan kashi 74. Da aka cire labarin aka bar lambobi tsirara, suka faɗo zuwa kashi 37. Yaran su ne dai, lissafin shi ne dai. Abin da ya canza shi ne ko lambobin na nufin wani abu a wurinsu.

To, yaya ake yi? Bari mu ɗauki darasin da ya fi kayar da 'yan aji biyu da uku, wato matsayin lamba, da tarawa mai riƙo, da ɗebewar da ake kira ta aro.

Kafin darasi malami zai tanadi tsinkaye ko guntayen kara masu tsawon yatsa, da robar ɗauri. Ga aji mai yara 60, a raba su rukuni 15 na mutum huɗu-huɗu, kowane rukuni ya sami tsinke 100 da roba 10. Jimla tsinke 1,500 da roba 150, kuma yaran da kansu za su iya tara su cikin mako guda. Kowane rukuni zai ja layi a tsakiyar takarda ko a ƙasa: gefen dama shi ne hannun makiyayi, gefen hagu shi ne jakarsa.

Labarin gajere ne. Akwai wani makiyayi da bai iya ƙirga ya wuce yatsunsa goma ba, ga tumaki da yawa, ga shi kullum da yamma yana cikin fargabar ko wata ta ɓace. Sai ya yi dabara: duk tunkiyar da ta shiga garke, ya ɗauki tsinke ɗaya. Amma hannunsa ba ya riƙe fiye da tsinke tara, na goma na shiga sai su zube. Don haka da zarar sun cika goma, sai ya ɗaure su ƙunshi guda ya jefa a jaka. Wata rana yana da tumaki 27, sai ɗan'uwansa da zai yi tafiya ya kawo masa 15 ya riƙe masa. Dare ya kusa, yana so ya san nawa zai nema da safe.

A nan malami zai yi shiru. Wannan shirun shi ne rabin darasin, kuma shi ne ya fi yi wa malamai wuya, domin bakin malami ya saba ƙarasa abin da ya fara. Yara su shimfiɗa ƙunshi 2 da tsinke 7, su ƙara ƙunshi 1 da tsinke 5. Za su ga tsinke 12 a gefen hannu. Malami ya tambaye su: “Hannun makiyayi zai riƙe waɗannan?” Za su ce a'a. “To me zai yi?” Wani yaro zai ɗaure goma ya tura su gefen jaka, ya bar biyu. Ƙunshi 4, tsinke 2. Wannan ƙunshin da ya tsallaka layi shi ne ɗan ƙaramin 1 ɗin da ake rubutawa a saman gidan goma-goma, wanda yara da yawa ke rubutawa shekara da shekaru ba su san daga ina ya fito ba.

Washegari labarin ya ci gaba. Cikin tumaki 42, an sayar da 17. Makiyayi zai cire tsinke 7, amma biyu kawai ke hannunsa. Yaron da ya saba ba da 35 yana yin haka ne saboda ya ga 2 da 7 a gida ɗaya, ya ɗebe ƙarami daga babba ya sami 5, ya ɗebe 1 daga 4 ya sami 3. Yana bin wata doka ce da ya ƙirƙiro da kansa, kuma ko sau nawa aka ja masa jan biro ba zai bar ta ba. Da tsinkaye a gabansa dokar ba ta da wurin zama, domin ba ya iya ɗauke bakwai daga cikin biyu. Dole ya shiga jaka, ya kwance ƙunshi guda, ya zama yana da ƙunshi 3 da tsinke 12, ya cire 7 saura 5, ya cire ƙunshi 1 saura 2. Amsa 25. Muna ba da shawarar a daina cewa “aro” a wannan mataki, a riƙa cewa “kwance ƙunshi”. Wanda ya yi aro yakan mayar, a nan kuwa ba abin da ake mayarwa, kuma yaro mai tunani yakan rikice yana jiran lokacin biyan bashin.

Idan aka kai ga ɗaruruwa, sai makiyayi ya sami buhu: ƙunshi goma a ɗaure su dami guda. A nan sifili ke samun ma'ana. A ba yara dami 3 da tsinke 5, jaka ba komai. Yaron da ke rubuta “ɗari uku da biyar” a matsayin 35 ko 3005 zai ga da idonsa cewa wurare uku ne, na tsakiya fayau, kuma dole a sa alamar da za ta ce fayau yake.

Game da lokaci, a darasi mai minti 40 ga rabon da muke ganin ya dace: minti 6 na labari, 12 na aiki da tsinkaye, 8 na zane (yaro ya zana ƙunshi a matsayin dogon layi, tsinke a matsayin ɗigo), 10 na lambobi zalla da sababbin tambayoyi, sannan 4 na ƙarshe yara su ƙirƙiro nasu labarin. Wannan jerin na taɓawa, zanawa, sannan rubuta alama, ya samo asali daga aikin masanin Amurka Jerome Bruner a shekarun 1960, kuma a kansa Singafo ta gina koyar da lissafinta na firamare. Matakin zane shi ake yawan tsallakewa saboda ƙurewar lokaci, alhali shi ne gadar. Ranar jarrabawa babu tsinkaye a zauren, amma yaro na iya zana layi da ɗigo a gefen takarda.

Yanzu ga inda ake samun matsala, kuma a nan muke so mu daɗe.

Babbar matsala ita ce labari na iya koya wa yaro daina tunani. A wajejen 1980 masu bincike a Grenoble ta Faransa suka tambayi yara 97 'yan shekara 7 zuwa 9: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Yara 76 suka ba da amsa ta hanyar sarrafa lambobin, galibi 36. Yaran ba wawaye ba ne. Sun koya daga ɗaruruwan tambayoyin littafi cewa labarin shara ce, aikinka ka tsinto lambobi biyu ka haɗa su. Haka a Amurka, a wata jarrabawar ƙasa da aka fitar da sakamakonta a 1983, an tambayi 'yan shekara 13: motar soja tana ɗaukar mutum 36, za a kai sojoji 1,128 filin horo, mota nawa ake bukata? Kusan kashi 70 cikin 100 sun yi rabawar daidai. Amma kashi 29 suka rubuta “31 saura 12”, kashi 18 suka ce 31, kashi 23 kacal suka ce 32. Sun iya rabawa, sun manta da sojoji goma sha biyu a tsaye a bakin hanya.

Maganin wannan shi ne a riƙa ba da lamba ɗaya cikin labarai daban-daban. A ɗauki 23 a raba da 5. Mutum 23 za su haye kogi, kwalekwale na ɗaukar 5, sawu nawa zai yi? Biyar, domin ba a barin mutum uku a gaɓa. Littattafai 23 za a ɗaure biyar-biyar, ɗauri nawa cikakke za a samu? Huɗu. Nawa za su rage a kan tebur? Uku. Igiya mai mita 23 za a yanka wa mutum 5 daidai wa daida, kowa mita nawa? 4.6. Rabawa ɗaya, amsa huɗu, kuma labarin ne kaɗai ke nuna wace ce daidai. A ba da su a rana ɗaya, a jere, a bar yara su yi gardama. Kuma sau ɗaya a mako malami ya sako tambayar da ba ta da amsa, ko mai lambar da ba a bukata, ya yaba wa yaron da ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, wannan ba za a iya sani ba.” Yaron da ya faɗi haka ya fi wanda ya cika shafi da amsoshi fahimtar darasin.

Kusa da wannan akwai ɗabi'ar koya wa yara kalmomin sirri: wai in ka ga “duka” ka tara, in ka ga “saura” ka ɗebe, in ka ga “fi” ka ƙara. Muna roƙon malamai su bar wannan. Ga misali: yaro yana da alli 8, ya fi ƙanwarsa da 3, nawa ne nata? Mai bin kalma zai ga “fi” ya ce 11. Ga wani: an ba da fensir 6, saura 4, nawa ne tun farko? Mai bin kalma zai ce 2. Abin da ya fi shi ne kafin yaro ya taɓa biro, ya maimaita labarin da bakinsa ba tare da lambobi ba: wa ke da yawa, wa ke da kaɗan, me ya faru, me ake nema. Minti ɗaya ne, amma yana rage kurakurai masu yawa.

Yadda aka tsara jimlar tambaya ma yana da nauyi. A wani bincike da Tom Hudson ya wallafa a 1983, an nuna wa yara hoton tsuntsaye da tsutsotsi, tsuntsayen sun fi yawa. Da aka tambayi 'yan ajin share fage da nawa tsuntsaye suka fi tsutsotsi, kusan ɗaya cikin huɗu ne suka amsa daidai. Da aka ce tsuntsayen sun ruga kowa na son ya kama tsutsa ɗaya, nawa ne ba za su samu ba, kusan dukkansu suka amsa. Saboda haka malami ya fara da sigar da wani abu ke faruwa a cikinta, daga baya ya kawo sigar littafi, ya nuna wa yara cewa abu ɗaya ake tambaya. Don wannan dalilin ne kuma labarin ya kamata ya fara zuwa da harshen da yaro ke tunani da shi. Yaron da ke kokawa da kalmomin labari da lissafinsa a lokaci guda, ba za a gane wanne ne ya kayar da shi ba.

Sai kwalliya. Malami mai baiwar magana yakan ƙara wa labari gishiri: launin rigar makiyayi, kuran da ke kuka a daji, sunan kowace tunkiya. Yara za su so, amma hankalin yaro ƙarami ba ya ɗaukar abubuwa da yawa lokaci guda, kuma kura ta fi ƙunshin tsinke jan hankali. Mutum biyu ko uku sun isa, matsala ɗaya, lambobi biyu ko uku. Ga gwaji mai sauƙi: bayan kwana biyu a tambayi yara me suka tuna. In suka ce kura, a rage ta. In suka ce hannun da ba ya riƙe goma, haƙa ta cimma ruwa.

Akwai kuma makalewa. In makiyayi ne kullum, wasu yara za su iya lissafin tumaki su kasa na kujeru. Bayan darasi biyu ko uku a sauya: kwalin alli mai goma-goma, layin ɗalibai mai goma-goma, sannan a tambayi yara wane abu ne a sabon labarin ya zama ƙunshi, wanne ya zama tsinke. Zuwa mako na biyu labarin ya koma jimla ɗaya ta tuni, “hannu ya cika?”, daga nan ita ma a bar ta.

Ga manyan azuzuwa akwai tsofaffin labarai masu nauyi. Wani dattijo ya bar raƙuma 17, ya ce babban ɗa ya ɗauki rabi, na tsakiya sulusi, ƙarami tusu'i (kashi ɗaya cikin tara). Suka rasa yadda za su yi, sai wani matafiyi ya ƙara nasa suka zama 18, aka ba da 9 da 6 da 2, ya hau nasa ya wuce. In malami ya tsaya a nan, yara za su ɗauka siddabaru ne. Darasin yana cikin tambayar da ke biye: me ya sa raƙumin matafiyi ya dawo masa? Sai yara sun mayar da kason uku zuwa 9/18 da 6/18 da 2/18 su ga jimlarsu 17/18 ce, wato wasiyyar tun asali ba ta cinye dukiyar ba. Haka labarin mai hikimar da ya roƙi sarki ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko na allon shaɗaranji (wani wasa mai kama da dara) mai gida 64, a riƙa ninkawa gida-gida, wanda marubucin tarihi Ibn Khallikan ya kawo a ƙarni na 13. A sa kowane yaro ya rubuta hasashensa kafin a fara, a rufe takardun. A gida na 10 ƙwaya 512 ce, a na 20 ta kai 524,288, jimlar gida 20 kuwa 1,048,575. Sannan a buɗe takardun. Jimlar gida 64 ita ce 18,446,744,073,709,551,615, amma ba sai an kai can ba, gida ashirin sun isa yaro ya gane bambancin ƙarawa da ninkawa.

Mataki na ƙarshe, wato yara su ƙirƙiro labari daga lambobi, shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya, kuma ya kamata malamai su fara gwada shi a kansu. Wata mai bincike, Liping Ma, ta nemi malamai su ƙirƙiro labarin da ya dace da 1¾ ÷ ½, ta wallafa sakamakon a 1999. Cikin malaman Amurka 23, mutum ɗaya ne ya kawo labarin da ya dace. Cikin na ƙasar Sin 72, mutum 65 suka kawo. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce mutum biyu sun raba abu ɗaya da rubu'i uku, wanda rabawa da 2 ne, amsarsa 7/8. Labarin da ya dace shi ne: igiya mai mita 1¾, ana yanka ta rabin mita-rabin mita, guntu nawa za a samu? Uku da rabin guntu. Malamin da bai tantance wannan ba, labarinsa zai dasa kuskure a kan yara, kuma saboda labari ne zai zauna daram.

Don haka roƙonmu ga shugabannin makarantu da kwalejojin horar da malamai shi ne a ware awa ɗaya a mako, malaman lissafi su zauna tare, kowa ya kawo labarin da zai ba da a mako mai zuwa a rubuce, kada ya wuce rabin shafi. Abokan aiki su duba abu uku: shin lissafin da labarin ke bukata shi ne wanda manhaja ta ce a koyar, shin lambobin za su iya faruwa a zahiri, kuma a wace jimla malami zai yi shiru. Labarin da ya yi aiki a aji a ajiye shi a babban fayil tare da bayanin kurakuran da yara suka yi, domin sabon malami ya tarar da abin farawa. Iyaye kuma, in yaro ya kawo aikin gida kamar 6 × 4, kafin a tambaye shi amsa a ce ya ba da labarin da ya dace da shi. In ya ce yana da shida aka ƙara masa huɗu, to tarawa ce a kansa, sai a ɗauko duwatsu a jera shida-shida har layi huɗu, a sake tambayarsa.

Mun gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu malaman lissafi na firamare